Babi na 6: Canjin Hannu

Ranar Lahadi, 2 ga Afrilun 1972, direbobin Nijeriya suka wayi gari da sabuwar doka: motar da jiya take bin hagun titi, daga yau dama za ta bi. Babu direban da bai ji sanarwa ba, domin gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta daɗe tana shela. Kowa ya sani a kansa. Wahalar tana wurin kwana da shataletale, inda hannu kan murɗa sitiyari kafin kai ya gama tunani. Wata tara bayan haka, ranar 1 ga Janairun 1973, naira ta maye gurbin fam, fam ɗaya a naira biyu. Shekaru masu yawa bayan nan dattawa a kasuwa da fam suke ciniki a zuci, sai an daidaita sannan su juya kuɗin zuwa naira.

Waɗannan abubuwa biyu nake tunawa duk lokacin da wani ya ce mini ya gwada Linux ya gudu saboda wuya. Nakan tambaye shi me ya gagare shi. Da wuya a samu wanda zai ce ya kasa rubuta wasiƙa ko ya kasa shiga intanet. Abin da yake nufi shi ne ya kai hannu inda ya saba kaiwa, bai tarar da komai a wurin ba.

Ni ma ba don sha'awa na yi ƙaura ba. Kwamfutata 'yar gwanjo ce, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka ke sallama bayan sun ci moriyarsu, su biyo jirgin ruwa zuwa Legas, su ƙare a shagunan Kano da Kaduna. Lafiyarta ƙalau, ban da batir da ya fara gajiya. Windows 10 ke kanta, kuma kamfanin Microsoft ya sanar tun da wuri cewa daga 14 ga Oktoban 2025 zai daina aiko wa wannan babbar manhaja gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, in ban da ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista ta musamman. Magajiyarta, Windows 11, da ta fito a 2021, tana da sharuɗɗa: sai kwamfuta tana da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma sai ƙwaƙwalwarta ta kai wani zubi, wanda a na Intel ya kama daga zubi na takwas zuwa sama. Tawa zubi na shida ce. Dubban kwamfutocin da ɗalibai da malamai da masu shagon buga takardu ke cin abinci da su a ƙasar nan suna wannan layin.

Na ɗauke ta na kai wa wani matashi mai gyara da na saba da shi. Ya duba, ya ce, "Malam, hanya uku ce. Ko ka zauna a kan wadda kake, ka san cewa ƙofarka ba mai gadi. Ko in yi maka dabara in cusa mata sabuwar ta bayan gida, amma ban lamunce maka gobe ba. Ko kuma ka gwada wannan." Ya zaro filashi daga aljihun gaban rigarsa.

Na ce, "Injiniya, takarduna fa? Aikin shekara tara ne a ciki."

Ya ce, "Ba abin da zai taɓa su. Daga kan filashin za ta tashi. In ba ta yi maka ba, mu zare, ka koma gidanka na da."

Haka kuwa aka yi. Wannan wata baiwa ce da yawancin ire-iren Linux ke da ita: ana iya kunna ta daga filashi, a shiga, a leƙa ɗakuna, a gwada sauti da wayifai da firinta, a fita ba tare da an rubuta komai a cikin kwamfutar ba. Gani ya kori ji. Na zauna a benci, janareton maƙwabcinsa na ruri, na yi kusan awa guda ina danne-danne. Kafin in bar shagon mun kwashe takarduna kaf zuwa wani faifai na waje, sannan ya ɗora mini Linux Mint.

Ya kamata in tsaya in faɗi mene ne wannan abu da ake canzawa. Babbar manhaja ita ce uwar gidan kwamfuta. Ita ke karɓar abin da ka danna, ta san inda kowane fayil yake ajiye, ta raba wa ƙananan manhajoji lokaci da wuri, ta yi magana da firinta da lasifika. Word da Chrome da sauransu 'yan haya ne a gidanta. Windows ɗaya ce daga cikin irinta, macOS ta kwamfutocin Apple wata ce, Linux kuma ta uku. Asalin Linux wani ɗalibi ne a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, da ya fara rubuta zuciyarta a 1991, aka haɗa da kayan aikin shirin GNU da Richard Stallman ya assasa tun 1983. Da yake an bar ta a buɗe, kowa na iya ɗauka ya gyara ya raba, sai ta haifi 'ya'ya barkatai. Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ɗauki nauyinta, ta fito a Oktoban 2004. Linux Mint ta biyo baya a 2006, kuma a kan Ubuntu aka gina ta. Duk mai wayar Android ma ya daɗe yana yawo da zuciyar Linux a aljihunsa.

An zaɓar mini Mint ne saboda fuskarta ta yi kama da inda na fito: maɓallin jerin manhajoji a kusurwar hagu ta ƙasa, agogo a dama, maɓallin rufe taga a saman dama. Duk da haka kwanakin farko baƙo ne ni, baƙo kuwa makahon gari ne ko da idonsa biyu.

Abu na farko da hannuna ya nema ya rasa shi ne Refresh. Duk wanda ya koyi kwamfuta a ƙasar nan ya san wannan al'ada: da zarar ta gama tashi, sai a danna dama a fili, a zaɓi Refresh, sau uku, sau biyar, wasu har goma. Haka aka koya mana, aka ce yana sa ta sauri. A Mint na danna dama, na duba jerin sama da ƙasa, babu shi. Sai da na bincika na gane cewa a Windows ɗin ma aikinsa kawai ya sake zana gumakan da ke kan fuska, ba ya ƙara wa kwamfuta saurin ko ƙwayar zarra. Amma sanin haka bai hana yatsana zuwa wurin ba har kusan mako biyu. Wannan ƙaramin abu ne ya fara nuna mini cewa rabin abin da muke kira iya kwamfuta haddar wurare ce a gida guda.

Na biyu shi ne C. A Windows kowane faifai da harafinsa, C da D, filashi kuma ya zo a E ko F. A Linux babu haruffa. Komai bishiya ɗaya ce mai saiwa ɗaya, kuma kai mai amfani an ware maka reshe guda da ake kira home, wato gida, inda takardunka da hotunanka da duk abin da ka sauke suke zaune. In ka soka filashi, da sunansa zai bayyana a gefen taga. Har ila yau Linux tana bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, ta yadda "Wasiƙa" da "wasiƙa" fayiloli biyu ne da za su iya zama a jaka ɗaya. Da na saba, sai na ga tsarin gidan ya fi mini sauƙi, domin in zan kwafe kayana don ajiya, jaka ɗaya tak nake ɗauka.

Saka manhaja kuwa bai ba ni wuya ba ko kaɗan, kuma waya ce ta riga ta koya mana. Maimakon a shiga intanet ana farautar fayil mai ƙarewa da exe, ko a karɓo a filashin aboki tare da abin fasa kwaɗonsa, akwai rumbu guda kamar Play Store. Ka rubuta suna, ka danna, ka sa kalmar sirri. Sabuntawa ma alama kawai take nunawa a gefen agogo ta jira ka. Ga wanda ke sayen data da awo wannan ba ƙaramin abu ba ne, ni sai dare ya raba, lokacin garaɓasa, nake barin ta ta sha.

Akwai baƙar tagar nan da ake rubuta umarni a cikinta, wadda ita ce dodon da ake tsorata mutane da shi. Gaskiyar magana, na yi wata guda ban buɗe ta ba, kuma aikina bai tsaya ba. Ranar da na buɗe ta, layi ɗaya na rubuta don saka wata manhaja, na ga ya fi danne-danne sauri. Sai dai a nan ma hannu ya yi nasa: Ctrl da C, da muka sani da kwafa, a cikin wannan taga dakatar da aiki yake yi, sai an haɗa da Shift. Gargaɗi ɗaya nake yi wa kowa a kanta da gaske: kada ka kwafo umarnin da ba ka fahimta ba daga intanet ka liƙa, musamman wanda ya fara da sudo, domin wannan kalma mabuɗin gidan gaba ɗaya take miƙawa.

Inda ƙaurar ta yi mini nauyi sosai shi ne wurin rubutu, don nan ne gonata. A madadin Word akwai Writer, cikin tarin manhajojin LibreOffice da suka ɓalle daga OpenOffice a 2010. Yana buɗe takardun Word, yana kuma ajiyewa a tsarinsu. Amma takarda mai tebura da yawa da lambobin shafi iri biyu, irin kundin ɗaliban jami'a, takan ɗan gurɗe a hanya: kan babi ya sauko ƙasa, tebur ya tsallaka shafi. Sau da yawa laifin na salon haruffa ne. Times New Roman da Calibri mallakar wasu ne, ba sa zuwa da Linux. An ƙera musu takwarori masu faɗi daidai da nasu, Liberation Serif a madadin na farko, Carlito a madadin na biyu, don kada layi ya motsa. In takwaran yana kan kwamfutar, shafi kan zauna daram, in babu shi, kwamfutar ta ɗauko wanda ta ga dama, shafi arba'in ya koma arba'in da uku. Dabarar da na riƙe ita ce duk abin da zan kai a buga, sai na mayar da shi PDF tun daga gida. Abin da na gani a fuskata shi zai fito a takarda.

Sai maganar ƙugiya, wadda ta shafe mu mu masu rubutu da Hausa fiye da kowa. Da na buɗe wani tsohon rubutuna, sai na tarar da "}asa" a wurin ƙasa, "]aya" a wurin ɗaya, shafi bayan shafi. Gabana ya faɗi, na ɗauka ƙaurar ce ta lalata shi. Ashe tsohon tarihi ne ya biyo ni. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba, masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero suka share wa marubuta hawaye da salon haruffa na musamman masu ƙugiya. Dabarar wancan zamani ita ce a aro gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a zana harafin Hausa a wurin. Muddin salon yana kan kwamfutar, ƙ za ka gani. Da zarar takardar ta je inda babu shi, sai alamar asali ta fito fili. Wato tun farko abin da ke ajiye a fayilolina baka ce, tufafin ƙ kawai aka sa mata.

Maganin yana cikin Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi na kusan kowane harshe lambarsa ta dindindin. A nan ƙ tana da 0199, ɗ tana da 0257, ɓ tana da 0253, ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa kuma 01B4. A Mint, in na danna Ctrl da Shift da U tare, na rubuta lambar, harafin sai ya fito. Wannan hanya ta gaggawa ce. Ta kullum ita ce a shiga saitin madannai a ƙara tsarin Hausa, wanda yana nan a jerin, kamar yadda yake a Windows ma ga wanda ya nema. Na kwashe yammaci uku ina bin tsofaffin rubuce-rubucena da umarnin nemo-ka-musanya, baka ta koma ƙ, ɗayar ta koma ɗ. Yanzu duk wayar da na tura wa, duk kwamfutar da ta buɗe, ƙugiyar na nan. Da ban yi ƙaura ba, da har yau ban san rubutuna na tsaye a kan aro ba.

Ba zan ɓoye abin da aka rasa ba. CorelDraw, wanda shagunan buga katin biki da kalanda suka dogara a kansa, ba ya aiki a Linux. Haka Photoshop, haka AutoCAD na masu zanen gini. Akwai Inkscape da GIMP, kuma suna aiki da kyau, amma wanda ya shekara goma yatsunsa na rawa a CorelDraw, kuma abokan cinikinsa na turo masa fayil a tsarinsa, ban ga dalilin da zai sa in ce ya bari ba. Abincinsa ne. Masu zugar da ke cewa kowa ya koma Linux yau-yau ba sa yi wa irin wannan mutum adalci. Haka nan kada a ruɗe ka da cewa babu cuta a can. Gaskiya ne ƙwayar cutar filashi da ke mayar da jakunkuna gajerun hanyoyi ba ta kama ta, har nakan ga fayilolin da ta ɓoye in ceto wa mutane. Amma ɗan damfarar da ya aiko maka saƙo yana neman lambar katinka bai damu da wace manhaja kake amfani da ita ba.

Manyan hukumomi ma sun sha wannan gwagwarmaya, kuma labarin biyu daga cikinsu ya isa a yi nazari. Majalisar birnin Munik a Jamus ta yanke shawara a 2003 cewa ma'aikatanta za su koma Linux. Aikin ya ci shekara goma, ya kai kwamfutoci wajen dubu 15, amma a 2017 majalisar ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. An yi ta muhawara kan dalili, wasu suka ce siyasa ce, wasu suka kawo ƙorafin ma'aikata da wahalar musayar takardu da sauran hukumomi. Jandarmomin Faransa kuwa sun bi ta wata hanya. A 2005 suka sauya manhajar rubutu zuwa OpenOffice alhali suna kan Windows. A 2006 suka sauya ta shiga intanet da ta wasiƙu zuwa Firefox da Thunderbird. Sai a 2008 suka fara sauya uwar gidan kanta zuwa Ubuntu, a kwamfutoci dubun-dubata. Ranar da jandarma ya zo ofis ya tarar an canza babbar manhaja, kayan aikin da yake taɓawa kullum waɗanda ya riga ya saba da su ne.

A ganina Faransawan nan sun fahimci ɗan Adam. Taura biyu ba ta taunuwa. Da zan sake, da watanni kafin ƙaura zan saka LibreOffice da Firefox a kan Windows ɗina, tunda duk suna aiki a can, in bar hannuna ya saba da su a gidan da ya sani. Kuma ba Linux kaɗai abin ya shafa ba. Wanda ya koma Mac yakan yi kwanaki ƙaramin yatsansa na neman Ctrl alhali aikin ya koma kan maɓallin Command, linzaminsa na tafiya dama don rufe taga alhali maɓallan suna hagu. Microsoft da kanta ta ɗanɗana: a 2012 ta cire maɓallin Start daga Windows 8, maɓallin da mutane suka saba da shi tun Windows 95, aka yi ta kuka har ta dawo da shi a shekarar da ta biyo.

Wannan ne ya sa nake jin takaicin yadda ake koyar da kwamfuta a yawancin makarantunmu na kan titi. Ana ba yaro hadda: danna nan, sannan nan, sannan nan. Ya fito da takardar shaida, amma in aka matsar da maɓalli taku ɗaya sai ya tsaya cik. Da za a koya masa mene ne fayil, ina yake kwana, me ke faruwa in an ce a ajiye, me ya bambanta manhaja da takardar da ta buɗe, da duk kwamfutar da aka ajiye masa zai lalubo hanya, kamar direban da ya iya mota ba titin unguwarsu kaɗai ba.

Akwai hanyar raba faifai biyu, Windows a gefe, Linux a gefe, ka zaɓi wadda za ka shiga in ka kunna. Tana da amfani ga mai buƙatar wata manhaja guda da babu ita a can. Amma na lura da waɗanda suka yi haka don tsoro kawai: duk ranar da abu ya ɗan cije sai su koma tsohon ɗaki, bayan wata shida suna nan baƙi kamar ranar farko. Ni da ba ni da wurin gudu, a mako na uku na wayi gari na yi rubutun awa biyu ban tuna a kan wace manhaja nake ba.

'Yar ƙanwata, mai shekara goma sha ɗaya, a kan wannan kwamfutar tawa ta fara koyo. Ba ta taɓa neman Refresh ba, don ba wanda ya nuna mata. Kwanakin baya na aike ta shagon buga takardu na bakin layinmu da filashi, ta dawo da takardun a hannu da tambaya a baki.

"Kawu, kwamfutarsu wata iri ce. Na nemi gida ban gani ba. Mai shagon ya ce in shiga C. Me ya sa C? Ina A da B?"

Na ce ta zauna. Na buɗe akwatin tsofaffin takarduna, na lalubo wani faifai mai kusurwa huɗu, baƙi, da ƙarfen da ke zamewa a kansa, irin wanda ke cin abin da bai kai megabait ɗaya da rabi ba. Na gaya mata cewa kwamfutocin farko ramin irin wannan faifai suke da shi, wasu guda biyu, na farko A, na biyu B. Da faifan ciki ya zo daga baya, sai ya tarar an riga an rabe haruffa biyun, ya karɓi na uku. Ramukan sun ɓace shekaru da yawa, harafin ya zauna.

Ta juya faifan a hannunta, ta ja ƙarfen ya koma da kansa, ta sake ja. Sannan ta ce, "To wannan ai shi ne hoton da ake dannawa in za a ajiye rubutu."